Randar Ɗakinku Ce Shaida: Jawabi ga Jama'ar Rufa'a da Ƙauyukan Bakin Bahar



Iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya ƙara maku lafiya. Iyayenmu mata da kuka bar girki kuka zo, sannunku da ƙoƙari. 'Yan'uwa masunta, manoman jarif, da mutanen kambo da kuka tsallako daga yamma, da matasa maza da mata, barkanku da zuwa. Wannan gaisuwa ta haɗa har da danginmu na Maiwurno da Sinja da Rusairis da Damazin, zuwa ƙauyukan kan iyakar Habasha, waɗanda takardar nan za ta isa hannunsu.

Ranar 11 ga Afrilu 2010 za a miƙa wa kowannenku takardun ƙuri'a takwas. Rabon ƙasar nan da zaɓen jam'iyyu da yawa tun 1986, shekara 24 ke nan zuwa 2010. Yaron da aka haifa a shekarar yau shi ma uba ne. Saboda haka za ku ji maganganu iri-iri a makonnin nan, kuma kowa zai zo da alkawarinsa. Ni dai magana ɗaya na kawo maku yau, maganar ruwa. Ruwan bahar ɗin nan, Shuɗin Nilu, da ke wucewa tsakaninmu da Hasahisa, da kuma ruwan tur'a da ke ratsa hawashoshin Jazira.

Ba mu ne baƙi a bakin wannan ruwa ba. Kakanninmu sun biyo hanyar hajji suka sauka a nan. Wasu sun taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka bi Mai Wurno har ya kafa garinsa kusa da Sinnar. Lokacin da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe mashru'un Jazira, hannun kakanninmu na cikin hannayen da suka yi haƙa, suka yi shuka, suka tsinci auduga. Har yau mu ne a cikin kwalekwale da taru, mu ne ke noman albasa da tumatir da kuɓewa a jarif idan ruwa ya janye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ana maganar lafiyar bahar, muna da bakin magana.

Gwamnati za ta ce maku ta yi aiki, kuma zan faɗa maku abin da ta yi tun kafin ta faɗa. Akwai Majalisar Ƙoli ta Muhalli da Albarkatun Ƙasa a Khartum. Akwai dokar albarkatun ruwa ta 1995. Akwai dokar kare muhalli ta 2001. Tsarin mulkin wucin-gadi na 2005 ya ce mutanen Sudan suna da haƙƙin zama a muhalli mai tsabta. A 2006 Sudan ta amince da yarjejeniyar Stockholm, wadda ta wajabta wa ƙasashe kawar da miyagun magungunan ƙwari masu daɗewa a ƙasa da ruwa. Ƙasashen da Nilu ya ratsa sun kafa ƙungiyarsu a 1999, kuma ofishin shirinsu na kare muhallin kogin a Khartum aka ajiye shi. Kowace ranar 22 ga Fabrairu ana bikin Ranar Nilu, a yi jawabai, a ɗauki hotuna.

Duk wannan gaskiya ne, ban rage ko ɗaya ba. Dokokin ma ba su da laifi. Amma ina tambayar iyayenmu mata da ke zaune a nan: tun da aka sa hannu a takardun nan, ruwan da ke cikin randarku ya canza? Na ji amsarku. To randar nan ita ce shaidar da za mu yi hukunci da ita, domin gani ya kori ji.

Mu fara da sukari. Masana'antar Junaid da ke arewa da mu, a wannan gaɓa tamu ta gabas, ita ce ta fari a Sudan, a 1962 ta fara aiki. Ta Sinnar kuma tana kudu, ruwan da ya wuce ta shi ke zuwa mana. 'Ya'yanmu da yawa a can suke samun abinci, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe su. Amma a 2007 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da babban rahoto kan Sudan, ta ce ta tarar masana'antun sukari suna sakin ruwan wankinsu kai tsaye cikin Shuɗin Nilu da Farin Nilu ba tare da an tace shi ba, kuma ana zargin wannan ruwa da yawan mutuwar kifi, musamman a bahar ɗinmu. Masunta ba su jira rahoto ba, sun riga sun ga kifi yana taso wa ciki sama.

Ga yadda abin ke faruwa. Ruwan da aka wanke rake da injuna da shi cike yake da zaƙi da tarkace. Idan ya shiga bahar sai ya ruɓe, ruɓewar kuma ta cinye iskar da ke cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa. Kifi ya shaƙe ya mutu kamar mutumin da aka rufe a ɗaki mai hayaƙi. Sannan ku lura da lokaci. Matsar rake aikin hunturu da rani ne, daidai lokacin da bahar ya ja baya, ba shi da ƙarfin da zai wanke abin da aka zuba masa. Lokacin da ƙazanta ta fi yawa shi ne lokacin da ruwa ya fi ƙaranci.

Maganin wannan sananne ne. Ana haƙa tafkuna a jere a bayan masana'anta, ruwan ya kwanta, rana da iska su yi aikinsu, sannan a mayar da shi gonar rake ko a shayar da itatuwa da shi. Rahoton nan da kansa ya ambata cewa Kenana ta kama aikin gina wurin tace nata. To me ya hana sauran? Ga amsar, ku riƙe ta da kyau, domin ita ce zuciyar jawabina. Junaid da Sinnar na kamfanin sukari na gwamnati ne. Mai zuba ruwan gwamnati, mai dokar hana zubawa gwamnati, mai aika jami'in da zai duba gwamnati, mai cin tara gwamnati. An ba kura ajiyar nama, sannan aka ce ita za ta ƙirga tsoka. Ƙaramin jami'in muhalli, mai albashin da bai kai ƙarshen wata ba, ya je ya rufe bututun masana'antar da ministan masana'antu ke alfahari da ita? Kun san ba zai yiwu ba, shi ma ya sani.

Mu tsallaka zuwa Hasahisa. Tun shekarun 1940 ake fesa wa audugar Jazira magani, daga baya har da jiragen sama. Shekara da shekaru ana sayowa, abin da ya rage ya lalace a rumbuna, ganguna su yi tsatsa su tsiyaye. A Hasahisa aka tara irin wannan magani, aka binne wani a rami, har mutanen garin suka sa wa wurin suna maƙabartar magani. Masu rahoton 2007 sun je sun gani da idonsu. Irin wannan guba ba ya ruɓewa kamar ganye. Yana zama a ƙasa shekaru, ruwan damina ya wanke shi, iska ta kwashe ƙurarsa, dabba ta yi kiwo a gefensa, mu sha nononta. Hanyar da duniya ta sani ita ce a tono shi, a zuba a ganguna na musamman, a kai inda ake ƙone shi da wuta mai tsananin zafi, a kwashe har ƙasar da ya jiƙa. Sudan ta sa hannu cewa za ta yi haka. Zuwa 2010, shekara ta huɗu ke nan da amincewar. Ku tambayi 'yan'uwanmu na Hasahisa ko an kwashe.

Yanzu tur'a, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan ciwon ya fi zurfi. Mashru'un Jazira da Managil ya haura fadan miliyan biyu, kuma yana shan kusan kashi ɗaya cikin uku na rabon Sudan daga Nilu, rabon da yarjejeniyar 1959 da Masar ta tsayar a kan biliyan 18.5 na mita mai kusurwa a shekara. Kowace damina bahar yana gangarowa daga duwatsun Habasha jajir da laka. Lakar nan albarka ce a jarif, amma a tur'a annoba ce, domin tana kwanciya ta cike ta. Tafkin Sinnar kansa laka ta cinye fiye da rabin abin da yake ɗauka da farko. Don haka tun asali mashru'un ya rayu ne a kan aiki ɗaya da ba a fashinsa: yashe tur'a kowace shekara, cire ciyawa, gyaran ƙofofi, da gafir a bakin kowace ƙofa wanda ya san awon ruwan da zai saki.

Sai dokar mashru'un Jazira ta 2005 ta zo. Aka ce an ba manomi 'yanci, ya shuka abin da ya so, kuma ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su riƙe ƙananan tur'o'i. 'Yanci abu ne mai daɗi. Amma an miƙa wa manomi nauyi ba a miƙa masa karraka ba, ba a miƙa masa injiniya ba, ba a miƙa masa kuɗi ba. A 2009 aka sallami dubban ma'aikatan mashru'un, layin dogonsa kuma aka kwance shi aka sayar. Sakamakon kuna ganinsa: tur'a ta cika da laka da ciyawa, na bakin ƙofa gonarsa ta nutse, na ƙarshen abu ishirin dawarsa ta ƙone da ƙishi.

Wani zai ce wannan matsalar mai hawasha ce, ni ba ni da ko fadan ɗaya. Ɗan'uwa, kai abin ya fi shafa. Mai hawasha yana garin da aka yi wa rijiyar burtsatse da tanki. Ɗan kambo fa? Kambo da yawa ba a rubuta su a matsayin ƙauyuka ba, don haka babu su a lissafin rijiya, babu su a lissafin asibiti. Tur'ar da jaki ke sha, da ake wanki a cikinta, da ake ɗauraye famfon feshi a bakinta, ita ce matar ɗan kambo ke ɗiba ta zuba a randa. Idan ruwa yana gudu, da sauƙi. Idan laka da ciyawa suka tsayar da shi, sai ya zama gidan dodon koɗi, shi kuma dodon koɗin nan shi ke renon tsutsar tsargiya, wadda a nan muke ce wa bilharsiya. Yaro ya shiga wanka, tsutsa ta huda fatarsa, bayan watanni ka ga fitsarin jini, ko ciki ya kumbura, saifa ta girma, saurayi ya kasa riƙe fartanya. Ruwan da ya kwanta a gefe kuma ya haifi sauro. Kun ga ke nan yashe tur'a aikin lafiya ne kamar yadda yake aikin noma.

Kada wani ya ce maku wannan ƙaddarar mai zama a bakin ruwa ce, ba ta da magani. Dattawan da ke nan sun ga maganinta. A 1979 aka kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu, hedikwatarsa a Madani, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ma'aikata suna bin ƙauye-ƙauye da makarantu suna raba ƙwayar bilharsiya, suna zuba maganin dodon koɗi a mashigai inda mutane ke shiga ruwa, suna fesa ɗakuna, suna gyara matatun yashi na ruwan sha, suna raba murafun masai. A cikin shekara goma, bilharsiya da ke jikin sama da rabin mutanen wasu yankuna ta sauko ƙasa da mutum ɗaya cikin goma, zazzaɓin sauro ma ya ja baya ƙwarai. Sudan ta wancan lokaci ba ta sayar da ko ganga ɗaya ta fetur ba. Wa'adin shirin ya cika wajen 1990, ba a ɗora wani a gurbinsa ba, cututtukan suka komo gidansu.

Tun 1999 ake fitar da fetur. An gina madatsar Marawi aka buɗe ta a 2009. A 2010 ana ƙara wa madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966, tsayin mita 10, kuma danginmu na can suna jiran ganin inda za a mayar da ƙauyukan da ruwa zai ci. Ba na ƙin madatsa, wutar lantarki kowa na so. Abin da nake cewa shi ne, gwamnatin da ta iya tare Nilu da kankare ba za ta ce ta rasa kuɗin tafkin tace ruwa a bayan masana'antarta ba, ko kuɗin tanki ɗaya a kambo. Kuɗi akwai. Abin da ake buɗewa da almakashi a gaban kyamara shi ke samun kuɗi, yashe tur'a kuwa ba a yi masa biki.

To mu me muke ɗauke da shi? Abu biyar ne, ku ƙirga da yatsu, ku riƙe mu da su.

Na ɗaya, mai duba ruwa ya fita daga ƙarƙashin mai ɓata ruwa. Jami'in da ke auna abin da masana'anta ke zubarwa ya zama yana kai rahotonsa gaban majalisar jiha, kuma cire shi ya zama sai da yardarta.

Na biyu, a riƙa auna ruwan bahar a Sinnar da Madani da Rufa'a da Kamlin kowane wata, a manna sakamakon a ƙofar mahalliya da kasuwa, a karanta shi a rediyon Madani da Larabci da Hausa. Jami'ar Jazira na nan kusa, tana da masana da ɗakunan gwaji. Ruwan da za ka ba ɗanka, haƙƙinka ne ka san abin da ke cikinsa.

Na uku, kowace masana'antar da ke bakin bahar, ta gwamnati ko ta ɗan kasuwa, a yanka mata wa'adi a rubuce ta gina wurin tace ruwanta, kuma tarar da aka ci ta koma ga masuntan da kifinsu ya mutu.

Na huɗu, a kwashe gubar Hasahisa da sauran rumbunan mashru'un yadda yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta tanada, a gwada rijiyoyin da ke kewaye, a faɗa wa mutane gaskiyar abin da aka gani.

Na biyar, yashe tur'a ya koma wuyan hukuma da kasafinsa a fili, a dawo da aikin yaƙi da bilharsiya da sauro, kuma kowane kambo da ya daɗe a wurinsa a rubuta shi ƙauye, a ba shi ruwan sha mai tsabta. Wanda ya shekara 40 yana tsintar audugar ƙasa bai cancanci ya sha tare da jaki ba.

Amma 'yan'uwa, idan kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Akwai abin da ke hannunmu tun kafin ranar zaɓe. Gangar maganin feshi da ta ƙare, kada a wanke ta a zuba ruwan sha, ko an wanke ta sau goma gubar na nan. Famfon feshi kada a ɗauraye shi a tur'a, akwai mai ɗiba a ƙasanka. Mushe a binne shi, a daina jefa shi a bahar. Duk wanda ya zuba magani a ruwa don ya kwashi kifi, sarkin ruwa da dattawan masunta su tsawata masa, domin ya kashe na yau ya kashe na baɗi. Bagaruwar bakin bahar, wadda ake kira sunut, ita ke riƙe gaɓa, idan aka sare ta don ƙona jan bulo, ruwa zai zo ya ci jarif ɗin da muke noma. Iyaye mata, kafin tanki ya zo, a bar ruwan tur'a ya kwanta, a tace, a tafasa na yara. Mu gyara namu, bakinmu ya yi ƙarfin tambayar nasu.

Ga roƙona na ƙarshe. 'Yan takara za su zo maku, na gwamnati da na adawa, har da namu. Wani zai zo da buhun sukari, wani da tabarmar masallaci, wani da rigunan ƙwallo. Ku karɓe su da mutunci kamar yadda muka gada. Idan an gama gaisuwa, dattijo ɗaya ya sa a ɗebo ruwa daga randar gidan, irin wanda yara ke sha kullum, a miƙa wa baƙo. Sannan a tambaye shi abubuwa biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, a gaban jama'a, a sa ɗan makaranta ya rubuta amsarsa da kwanan wata. Wanda ya shekara 20 da mulki a hannu, a tambaye shi abin da ya hana shi. Mu kuma da muke neman ku ba mu dama, a tambaye mu yaushe, kuma da wane kuɗi.

Ranar zaɓe ku fito da wuri, ku fito da iyayenmu mata da tsofaffi, kowa da takardar rajistarsa. Bayan labule babu mai ganin hannunka sai Allah. Mu muna neman ƙuri'arku a kan abubuwa biyar ɗin nan, kuma idan muka samu muka saɓa, takardar nan tana hannunku, ku fito da ita ku tuhume mu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana 'ya'yanmu daga cuta, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa a yi zaɓe a gama lafiya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.